Ƙadangarun Magudanar Baba

Wata daga cikinku ta rubuta min a ƙasan shafin makon jiya cewa akwai abin da nake ɓoyewa. Ta ce macen da ba ta son mutum ba ta karɓar kyautarsa da hannu biyu. Ban ba ta amsa ba, don ba ƙarya ta yi ba. Na karɓa. Bari in gaya muku abin da na karɓa.

Ga waɗanda yau suka fara shigowa, sunana Fumino Moriwaki, shekarata ashirin da tara. Shekara bakwai na yi a Jamus, biyar ina karatu, biyu ina aiki a ɗakin gwajin ruwan sha. Baba ya rasu bara, bayan an yanke shinkafa. Na dawo ƙauyenmu a tsaunukan Shimane da niyyar in yi kwana arba'in da tara na makoki in koma. Wata takwas ke nan ina nan. Ni kaɗai iyayena suka haifa. Gidan ɗaki tara ne, ga gonaki huɗu, ga kaburburan kakanni a bayan gida da sai an share. Ba sai na faɗi abin da dangi suke so da ni ba.

Mutumin da Goggo Haruyo, ƙanwar Baba, ta samo min sunansa Kohei Ishitobi. Shekararsa talatin da huɗu, yana aiki da masu zuba siminti a magudanan gonaki. Ɗa na biyu ne a gidansu, ba shi da gonar da zai gada, saboda haka shi zai shigo gidanmu ya ɗauki sunan Moriwaki. Sau biyu aka zaunar da mu a wani wurin shan shayi a birnin Izumo, ni cikin rigar nan mai ruwan toka da Mama ta goge har sai da ta yi ƙyalli, shi cikin kwat da ta matse masa kafaɗa. Ya yi min bayanin gangarar magudana. Na yi masa bayanin ruwan famfon Jamus. Ba shi da aibu, kuma nan matsalar take. Mai aibu ya fi sauƙin sallama.

Ƙarshen watan Maris ya zo gidanmu da rana, ba da kwat ba. Takalmin roba ne a ƙafarsa har gwiwa, tawul a wuya, hannunsa riƙe da kwanon abincin ranarsa a ɗaure cikin ƙyalle. Goggo Haruyo tana baranda da maƙwabciyarmu, suna shan shayi da Mama. Ya sunkuya ya gaishe su ɗaya bayan ɗaya, sannan ya juyo gare ni.

"Moriwaki-san, na samo wani abu a magudanar mahaifinki. Gobe siminti zai rufe wurin."

Ya kwance ƙyallen ya ɗaga murfi. A cikin jiƙaƙƙen ganye akwai imori biyu, ƙananan ƙadangarun ruwan nan masu baƙin baya da jan ciki. Kowanne bai wuce tafin hannuna ba. Sanyi bai gama sakin su ba, da ƙyar suke motsi. A ƙarƙashin dutse ya same su, in ji shi, bakin injin haƙa ya kusa bi ta kansu.

Ina ƙarama Baba kan kamo min su a wannan magudanar, ya juya min cikinsu in gani, ya mayar, ya sa ni wanke hannu saboda dafin fatarsu. Wannan kaɗai na tuna. Na miƙa hannu biyu na karɓi kwanon, na ce na gode.

Goggo ta ajiye kofinta a hankali.

"Fumi-chan, kin san abin da kika karɓa kuwa?"

"Imori."

"Duba jelarsu. Wannan mai faɗin jela namiji ne, wannan mai ƙiba mace." Ta dubi maƙwabciyar, maƙwabciyar ta rufe baki da hannun riga. "An kai ki ƙasar Turawa an wanke miki kai tas. A zamanin kakarmu, in saurayi ya rasa yadda zai yi da yarinya, imori yake samowa mace da namiji, ya ƙona su ƙurmus, ya daka, ya barbaɗa mata tokar a kafaɗa. Shi ke nan, sai ta bi shi ko rijiya ya faɗa. Shi wannan ko ashana bai ƙyasta ba, ga ki kin miƙo hannu."

Kunnen Ishitobi-san ya yi ja kamar cikin abin da ya kawo. Ya ce injin yana jiransa, ya tafi ya bar kwanonsa. Mama ba ta yi dariya ba. Ta ƙara wa kowa shayi.

Kafin yamma labari ya kai shagon bakin gada. Da na je sayen gishiri, matar mai shagon ta ce min ta ji abin alheri, wai yaushe za a sa rana. Na biya na fito.

Na sa su a bokitin robar da Mama ke jiƙa kayan lambu, da ruwa kaɗan da dutse ɗaya, na rufe da rariya. Niyyata in mayar da su. Washegari na sauka na duba magudanar: fari fat, a miƙe kamar an ja layi, ba laka, ba ciyawa, ba inda ƙaramin abu zai maƙale. In kai su wani kwari kuwa, na san ba a yi. Na kowane kwari daban suke, ba a cakuɗa su, ga cuta da ake iya kaiwa. Karatun da na yi bai bar ni na yi kamar ban sani ba. Na dawo gida da bokitina.

Matar da ta haife ni ko ƙadangaren bango ta gani sai ta ɗauko tsintsiya. Amma ranar Asabar ita ta fito da mota, ta sa jan baki, ta ce in shiga mu je Izumo.

"Wannan ya isa," na ce a shagon, ina nuna wani ƙaramin akwatin roba mai mariƙi, irin wanda ake ɗauka da hannu ɗaya.

Ko kallonsa ba ta yi ba. Tana can ƙarshen layi, jaka a gwiwar hannu, tana ƙwanƙwasa wani akwatin gilashi da ya kusa tsawon teburin cin abincinmu.

"Su biyu ne fa, Mama."

"Ke da kika yi shekara bakwai a ɗaki kamar kwalin takalmi, daɗi kika ji?"

"Na ji."

"Ƙarya kike." Ta ɗaga hannu ta kira mai shagon.

Ruwa ba ya tsami banza, na sani. Amma a lokacin na ɗauka kewar Baba ce. Tun da ya rasu ban ga ta matsu da wani abu ba sai ranar, sai na ƙyale ta.

Ga masu tambayata yadda ake yi, don na ga kun fi son wannan ɓangaren a kan nawa kukan, ga yadda muka yi. Imori ba sa son zafi. In ruwa ya ɗumama da yawa sai su daina ci, su rame. Wurin da ya fi sanyi a gidanmu shi ne barandar arewa, bayan ɗakin da ake kunna wa Baba turare, inda rana ba ta taɓa leƙawa. Can muka zaɓa. Ban kai ga auna katakon ba saƙon Ishitobi-san ya shigo wayata.

"Barka da rana. Katakon barandar arewa ba zai ɗauki nauyin gilashin da ruwa ba. In an yarda, zan zo Lahadi in kafa turaku a ƙasa."

Na rubuta: "Mama ce ta gaya maka?"

"E."

"Ka zo."

Ya zo, ya shige ƙarƙashin baranda a rigingine, ya yi awa biyu. Ya fito da yanar gizo a gashinsa, ya sha shayi a tsaye, ya karɓi kwanonsa da Mama ta cika da dafaffiyar kabewa, ya tafi. Maganar da ya yi min ba ta wuce cewa yanzu ko saniya aka ɗora ba za ta lotsa ba.

Tsakuwa muka fara wankewa, manya, waɗanda ba za su shige bakinsu su haɗiye ba. Sau goma sha ɗaya na canja ruwan wankin kafin ya fito garau. Mama ta tsuguna kusa da ni a bakin famfon waje, ta naɗe hannun riga, tana cuɗawa kamar mai wanke shinkafa. Muka shimfiɗa ta a gangare, tudu ta hagu, kwari ta dama. A tudun na jera duwatsu uku daga katangar gonar Baba, na ɗora busasshiyar saiwar itace da na dafa sau biyu, na lulluɓe da gansakukar bayan gida. Nan ne tudun da za su hau in sun gaji da iyo. Na bar musu kogo a ƙarƙashin dutse na tsakiya, don abin da ba shi da wurin ɓuya ba ya sakin jiki. Zurfin ruwan taƙi ɗaya da ɗan kai. Daga maɓuɓɓugar da ke saman gidanmu muka ɗebo shi, bokiti bokiti, ni ina hawa Mama tana jira a ƙasa. Na fito da jakar kwalaben gwajina, wadda ban buɗe ba tun da na sauka daga jirgi, na gwada shi. Ya fi wanda nake sa wa hannu a Jamus kyau. Ban gaya wa kowa ba.

Na dasa ciyawar ruwa, na sa ƙaramar matata, na'urar tace ruwa, mai gudu a hankali, na toshe bakinta da soso, don imori ba kifi ba ne, igiyar ruwa gajiyar da su take. Sai na ce a bar shi haka sati uku.

"Ba komai a ciki?" in ji Mama.

"Sai ruwan ya nuna. In aka sa su yanzu, ƙazantarsu ce za ta kashe su."

"Ruwa ma nuna yake yi." Ta gyaɗa kai. "To, ba sauri muke ba."

Sati uku muna kallon akwatin da babu kowa, su kuma suna bokiti, kullum ina canja musu ruwa. Duk safiya in ɗiga magani a kwalba, Mama ta ɗaga ta saitin haske ta faɗa min launin. Ranar da kwalbar ta tsaya rawaya ba ta juya kore ba, muka juye su a hankali. Macen ta nutse ta shige kogo. Namijin ya hau gilashi.

Wannan ne abin da ba a gaya wa mutum sosai: suna hawa gilashi kamar ba santsi. Kwana biyu da sa su, namijin ya fice ta ramin da wayar matatar ruwan ta bi. Mun ɗaga tabarmi, mun janye akwatuna. A cikin silifas ɗin Mama muka same shi, ƙura ta lulluɓe shi, ya fara bushewa. Matar tsintsiya ce ta tallabe shi a tafin hannu ta kai shi ruwa, ta je ta wanke hannu da sabulu ba tare da na ce ba, ta zauna ta ɗinke kusurwar murfin da ragar sauro da zaren kamun kifin Baba. Daga ranar ita ke ba su abinci. Jar tsutsa ce daskararriya, tana ajiye ta a firji kusa da kifinmu, ta narkar a murfin kwalba, ta miƙa musu da tsinken cin abinci.

Zan faɗi gaskiya. Watan nan biyu su ne mafi sauƙi da na yi a gidan nan. Ba a yi min maganar aure a kan abinci ba. Maganarmu ba ta wuce wa ya ci, wa ya ƙi ci, ma'aunin zafi nawa ya nuna.

Ranar Litinin da ta wuce saƙo ya zo daga tsohuwar shugabata a Jamus. Kujerata ta sake buɗewa, aikin shekara uku, mai yiwuwa ya zarce. Tana son amsa kafin su tashi aiki ranar Juma'a, in ba haka ba za ta ba wani. A ranar kuma Goggo Haruyo ta bugo ta ce iyayen Ishitobi-san za su zo Lahadi, gaisuwa ta sosai, wadda daga ita sai kawo kaya. Mama ta fito da rigar siliki mai launin ganyen shayi, wadda ta sa ranar da aka kawo nata kayan, ta rataye a ƙofar ɗakina don warin ajiya ya fita.  Ban ce mata komai game da saƙon ba, amma na fito da fasfona na duba kwanan watansa, kuma a gidan da bangonsa takarda ne, ƙarar aljihun tebur ma labari ce.

Na je na tsaya gaban gilashin. Tun ranar farko na karanta cewa imori na yin shekara ashirin, wasu ashirin da biyar. Na karanta na wuce, kamar yadda ake tsallake ƙananan rubutun kwalbar magani. Ranar ce na tsaya na haɗa da shekaruna. Hamsin da huɗu. Ba a sa su a jaka a hau jirgi. Magudanarsu ta zama siminti. Gilashin da ruwansa da duwatsunsa ya fi ni nauyi sau biyu, yana zaune a kan turaku. Na tuna ƙaramin akwatin robar nan mai mariƙi, da yadda Mama ta ƙi kallonsa.

Na gaji. Ba haushi na ji ba, gajiya ce kawai, irin ta wanda ya hau dutse ya tarar ba shi ne dutsen ba.

Ranar Alhamis da azahar wayata ta yi ƙara. Ishitobi-san ne.

"In kina da lokaci, ina so ki duba min wani ruwa. Ki zo da kwalabenki."

"Na aiki?"

"A'a."

Na sa wandon aikin gona da tsohuwar rigar Baba mai aljihu biyu. Mama ta bi ni da kallo daga kai har ƙafa.

"Haka za ki je?"

"Ruwa zan gwada."

"Ko hoda."

Ban shafa ba.

Gidansu yana ƙetaren kogi. Bai kai ni cikin gida ba, ya zagaya da ni rumfar ajiyar kayan noma ta baya, mai daɓen ƙasa da sanyi. A jikin bangon arewa, a kan bencin ƙarfe da ya haɗa da hannunsa, akwai akwatin gilashi daidai girman namu. Tsakuwa a gangare, tudu ta hagu, saiwar itace, gansakuka, matata tana gudu da soso a bakinta. Babu kowa a ciki.

 Na tsuguna na ɗebi ruwan, na ɗiga magani, na girgiza. Muka tsaya muna kallon kwalba. Ta tsaya rawaya.

"Ya nuna," na ce. "Na wane ne?"

"Nasu ne. In za ki tafi."

"Wa ya ce maka zan tafi?"

"Ba kowa. Sau biyu muka sha shayi, duk maganar da kika yi da rai ta ruwan can ce." Ya cire tawul daga wuyansa ya ninke, ya sake warwarewa. "Akwai abin da ya kamata ki sani kafin Lahadi, Moriwaki-san. Ba a ƙarƙashin bakin inji na tsince su ba. Ranar da muka fara haƙa, mahaifiyarki ta sauko mana da shayi. Ta ja ni gefe ta ce in nemo mata imori biyu, in kawo miki ranar da Goggonki take gida, kuma kar in ce ita ta aike ni. Kwana uku ina ɗaga duwatsu lokacin hutun rana."

"Ka san dalili?"

"Da farko na zaci wasan tokar nan ne, don a tsokane mu. Sai da na kwanta a ƙarƙashin barandarku ina kafa turaku na gane abin da nake kafawa."

"Amma ka gama kafawa."

"Da na bari, da baranda ta rufta." Ya mayar da tawul ɗin wuyansa. "Kuma ina so ki zauna. Ba zan ce ba na so ba. Amma ba don ƙadangare ba."

Na wanke kwalbar, na goge, na mayar jaka. Hannuna na son abin yi.

"Sun kira ni," na ce. "Gobe zan ba su amsa."

Ya gyaɗa kai kamar an gaya masa za a yi ruwa.

"Murfinka akwai rami a kusurwar waya," na ce. "Namijin zai fita a daren farko."

"Zan gyara."

Ku da kuke jiran in ce zuciyata ta buga, ku yi haƙuri. Abin da na ji shi ne mutumin nan ya sauƙaƙa min tafiya, kuma ya sa ta ƙara nauyi, ban san yadda ya haɗa biyun ba. Na tuƙo mota na dawo.

La'asar ce. Mama tana barandar arewa a durƙushe, da tabarau, da tsinke a hannu. Macen ta ɗago kai daga ruwa tana bin tsutsar. Mama ba ta waiwayo ba.

"Ya gaya miki."

"Ya gaya min."

"Sakarai. Ba ya iya riƙe magana." Ta saki tsutsar. "Shi ya sa na ce ki aure shi."

Na zauna a bakin ƙofar ɗakina, rigar silikin tana taɓa min ƙeya.

"Me ya hana ki ce min kawai in zauna?"

"Na ce. Shekara bakwai da suka wuce, a tashar jirgin ƙasa. Kika ce min sai kin kira." Ta ɗauko wata tsutsar. "Ke ba kya jin maganar mutum, tun kina ƙarama. Ubanki ma haka. Amma ban taɓa ganin kin tsaya kina kallo ruwa ya lalace ba."

"Zan tafi, Mama."

 Ta jira namijin ya fito daga bayan saiwa, ta ba shi nasa, ta rufe murfi, ta bi kusurwa huɗu da yatsa.

"To," ta ce. "Amma ba za a kai su gidan Ishitobi ba. Daga magudanarmu suka fito."

"Shekara ashirin da biyar suke yi."

"Ai na riga ki tambaya. Sittin da uku a ƙara ashirin da biyar, nawa ke nan?"

"Tamanin da takwas."

"Kakarki ta kai casa'in da ɗaya, da taba a bakinta. Ɗauko takarda ki rubuta min yadda ake canja ruwan. Da manyan baƙaƙe, idona ba kamar da ba."

Na ɗauko bayan tsohuwar kalanda na rubuta. Kashi ɗaya cikin uku duk sati, kar a kwashe duka. Kar a wanke soson matata da sabulu. In zafi ya yi yawa a sa kwalbar ƙanƙara ta yi iyo a ciki. A wanke hannu kafin da bayan. Na ƙarshe na ja masa layi biyu: ruwan maɓuɓɓuga kawai, na famfo akwai maganin da ke ƙone musu fata. Ta karanta a fili, layi layi, ta manna a bango saitin idonta.

Daga nan ta sauke rigar silikin, ta shimfiɗa a tabarma, ta ninke ta yadda ake ninkewa, hannu a kan hannu, ta mayar cikin takardarta. Ta buga wa Goggo Haruyo waya. Ta bayan ƙofar takarda nake jin ta.

"Haruyo, ki ce musu kar su wahala ranar Lahadi. A'a, ba mura ba. Ke dai ki faɗa musu haka. To ki yi ta faɗan, kuɗin wayarki ne."

Ba ta yi kuka ba. Ta dafa miyar kifi, muka ci, ta tambaye ni ko rigunan sanyina na can suna nan ko sai an sayi wasu. Shi ke nan, na yi nasara. Wata takwas ina jiran wannan, ga shi ya zo ba ko gardama.

Na tura wa Ishitobi-san saƙo: "Mama za ta riƙe su. Ka zubar da naka ruwan. Ka yi haƙuri da wahala."

Ya daɗe yana rubutu yana gogewa, ina ganin alamar. Abin da ya zo gajere ne.

"Sati uku ya ɗauka kafin ya nuna. Zan bar shi yana gudu. Na gyara murfin."

Na kife wayar.

Yau Juma'a. Na tashi na rubuta wa shugabata layi biyu: na gode, na karɓa, zan iya farawa watan Agusta. Na karanta sau uku, babu kuskure. Wajen ƙarfe goma na safe ina zaune a ɗakin Baba, ƙofar baranda a buɗe, waya a hannu, babban yatsana a kan wurin turawa. Mama ta ce yau za ta gwada canjin ruwa ita kaɗai, in zauna in duba kawai. Ta zuƙe kashi ɗaya cikin uku da tiyo, daidai, ba ta taɓa tsakuwa ba. Ta ɗauki bokiti ta fita.

Ban ji ƙofar baya ba. Famfon kicin na ji.

Na zauna ina jin bokiti yana cika. Takardar tana nan a bango, layi biyun da na ja suna nan. Jiya da bakinta ta karanta. Famfo ya tsaya. Ga ta nan tafe ta baranda, bokitin a hannu biyu, tana tafiya a hankali kamar ba ita ke hawa gona da buhun taki ba. Ta wuce ta gabana ba ta kalle ni ba. Ta ajiye, ta ɗaga murfin, ta sunkuya ta kama gindin bokitin. Macen ta taso sama, ta zaci abinci ne.

Na san da gangan take yi. Ita ma ta san na sani.

Na ajiye wayar a tabarma, na tashi na riƙe mariƙin.

Ta saki nan take.

"Au," ta ce. "Na famfo ne ko? Tsufa."

Na fita da shi na juye a gindin itacen bayan gida. Na tsaya da bokiti a hannu ina kallon matakalar da ta hau zuwa maɓuɓɓuga, hawa sittin da biyu, gansakuka ta cinye rabinsu. Mama ta leƙo ta taga ta ce in kula da santsi.

Na fara hawa. Wayar tana can a tabarma, wasiƙar a buɗe. A Jamus gari bai waye ba tukuna.